Kaset ɗin Baba: littafin aikin juye su zuwa kwamfuta

Asabar, 4 ga Janairu 2025, Argungu

Yau na jawo akwatin ƙarfen Baba, Allah ya jiƙansa, daga ƙarƙashin gadon Inna. Kaset 47 na ƙirga, 31 masu minti 90, 16 masu minti 60. Idan duk cike suke, awa 62 da rabi ke nan na magana. Wasu da ajami aka rubuta a jikinsu, wasu da boko, wasu ba rubutu sam. Mafi yawansu karatun da ake yi a zauren gidanmu ne bayan magariba. Sai saƙonnin murya da yake aika wa Baffa lokacin da Baffa yake zaune a Kumasi, wanda ya dawo da su da ya dawo gida. Akwai uku da ya ɗauka a bakin gulbin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, da biyu na Kaka tana ba da tarihin gidanmu. Waɗannan biyun su ne suka hana ni barci, don duk wanda ya san abin da ta faɗa a ciki ya riga mu gidan gaskiya.

Niyyata in juye su duka zuwa kwamfuta kafin azumi, in raba wa dangi a waya. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan don kada in maimaita kuskure.

Talata, 7 ga Janairu

Rikodar Baba ta kama wuta amma ba ta juya kaset. Da na kwance bayanta, bel ɗin ya narke ya zama baƙin danƙo, ya manne wa ƙafafun. Sai Birnin Kebbi.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je Birnin Kebbi na dawo. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya sa sabon bel, ya goge kan da kaset ke gogawa da auduga da sifirit. Ya ja mini kunne in riƙa goge shi duk bayan kaset biyu ko uku, musamman da wannan ƙurar hunturu. Bel da aiki ₦5,000, mota zuwa da dawowa ₦4,000, manyan batura shida ₦3,600.

Da dare muka sa ɗaya daga cikin saƙonnin Kumasi. Da Baba ya yi sallama, Inna ta amsa masa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na kara waya a bakin lasifikar rikoda na ɗauki minti biyar, na tura wa Yaya a Kaduna ta WhatsApp. Ta ce ta ji kukan akuya da tarin ɗana fiye da muryar Baba. Ta wannan hanyar ba za a je ko'ina ba. Dole sauti ya bi ta igiya daga ramin abin-kunne na rikoda zuwa kwamfuta. Na sauke Audacity, manhaja ce ta kyauta. Na yi odar ƙaramin katin sauti na USB, ₦9,500 har da igiyar.

Asabar, 18 ga Janairu

Kati ya iso jiya. Matsala biyu a rana ɗaya. Ta farko gurnani ne mai kauri a ƙarƙashin magana, wanda ke tsayawa da zarar na zare cajar kwamfuta. Wutar ƙasarmu tana juyawa sau 50 a sakan, wannan juyin ne ke shiga igiya. Maganinsa in ɗauka da batirin kwamfuta kawai, shi kuwa awa ɗaya da rabi yake yi da ƙyar, wato kaset ɗaya a kowane caji. Ta biyu, na buɗe murya da yawa har zanen sautin ya riƙa dukan rufi yana yankewa, muryar ta fashe. Na rage har mafi ƙarfin wuri ya tsaya nesa da rufin.

Abin da ya tsayar da ni shi ne lambobin da manhajar ke tambaya kafin ɗauka: 8,000, 22,050, 44,100, 48,000, har sama. Ganin kwamfutata gigabayit 40 kacal ya rage mata, na zaɓi mafi ƙanƙanta, 8,000. Na ɗauki kaset huɗu tsakanin jiya da dare da yau.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kaset huɗun nan sai an sake su. Na saurara da abin-kunne, sai na ji Baba kamar yana magana ta tsohuwar wayar tarho. Ana gane abin da yake faɗa, amma "s" da "sh" da "ts" duk sun dushe, "safe" ta koma kusa da "fafe". A kan rikoda kuwa ras suke fita.

Na kwana ina karatu, ga abin da na fahimta, da misalin da ya zaunar mini da shi. A ce an sa mutum ya riƙa auna tsayin ruwan gulbi da gora lokacin damina yana rubutawa. Tambaya ta farko, sau nawa yake tsoma gorar? Idan sau ɗaya a mako ne, ambaliyar da ta zo ta wuce cikin kwana biyu ba za ta fito a littafinsa ba. Haka kwamfuta take yi wa sauti: tana auna ƙarfinsa sau dubbai a sakan, kowane awo ana ce masa samfur. Lambobin nan da na gani su ne yawan samfur a sakan. Ƙa'idar da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce yawan samfur dole ya zarce ninki biyu na sauti mafi kaifi da ake son kamawa. Da na zaɓi 8,000, na yanke duk abin da ya wuce Hz 4,000, wato sautin da ke girgiza fiye da sau 4,000 a sakan, kuma a can sama ne kaifin "s" da "sh" yake zaune. Layin tarho na da da samfur 8,000 yake aiki, shi ya sa kunnena ya tafi can kai tsaye. Karin sautin Hausa, hawa da saukar murya, a ƙasa yake, don haka ma'ana ba ta ɓace ba. Abin da ya ɓace shi ne abin da ke sa ka ji kamar mutumin yana zaune kusa da kai.

Kunnen yaro mai lafiya yana ji har wajen Hz 20,000. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana da samfur 44,100 a sakan, ya ɗan haura ninki biyun ke nan. Harkar bidiyo kuma 48,000 ta riƙe.

Tambaya ta biyu ita ce zanen da ke jikin gorar: taku-taku aka zana ko yatsa-yatsa? Wannan shi ne zurfin bit. Bit 8 matakai 256 ne, bit 16 matakai 65,536, bit 24 ya haura miliyan 16. Katina bit 16 yake iyawa, kuma iyakarsa 48,000. Na tsaya a nan: 48,000, bit 16, layin sauti ɗaya, ba biyu na hagu da dama ba, tunda rikodar Baba makirufo ɗaya gare ta.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na sake huɗun, na ƙara ɗaya. Babu wuta jiya gaba ɗaya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na zauna da biro na yi lissafin wuri, a nan ne bitiret ya shigo. Bitiret shi ne yawan bit da sakan ɗaya na sauti yake ci. A misalin gulbi, shi ne yawan takardar da mai awo yake cinyewa. A fayil ɗin WAV, wanda ba a matse shi ba, ba zaɓarsa ake yi ba, ninkawa kawai ake yi: yawan samfur sau zurfin bit sau yawan layi.

Na CD: 44,100 sau 16 sau 2, ya ba da bit 1,411,200 a sakan, wato kbps 1,411, kusan MB 10 da rabi a minti. Nawa: 48,000 sau 16 sau 1, bit 768,000 a sakan. A raba da takwas, bayit 96,000 a sakan, MB 5.76 a minti. Kaset mai minti 90 zai ci MB 518. Na duba fayil ɗin kaset na uku, wanda yake cike har ƙarshe, na ga lambar ta yi daidai da lissafina. Daɗin da na ji ba kaɗan ba ne, don tun da na fara aikin nan yau ne na fara sanin abin da zai faru kafin ya faru.

Minti 3,750 gaba ɗaya zai ci GB 21.6. Kwamfuta za ta ɗauka, amma ba zan bar su wuri ɗaya ba. Zan sayi filash biyu.

Na so in ɗauka da bit 24, don masu adana tsofaffin sautuka a ɗakunan tarihi da shi suke aiki. Manhajar za ta yarda in zaɓa, amma tunda katin 16 yake turowa, fayil ne kawai zai ƙaru da rabi ba tare da ƙarin komai a ciki ba. Kuma kowane bit yana ba da kusan desibel 6 na tazara tsakanin shiru da ƙara, 16 ya kai 96, alhali shuuu ɗin da ke cikin kaset ɗin kansa ya riga ya cinye ƙasan tun kafin a je nan. Hankalina ya kwanta da 16.

Laraba, 29 ga Janairu

Kaset 9 zuwa 11. Filash ɗaya mai GB 64, ₦8,000. Batura sun mutu a tsakiyar na 11, muryar ta riƙa ja kamar mai gyangyaɗi. An sake.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace ɓata mini rai tun da na fara.

Wani abokin aikina ya ce tsofaffin rediyoyi masu cin memori sun fi son 44,100. Na buɗe kaset na bakwai, saƙon Kumasi na shekarar da aka haife ni, na je ƙaramin jerin da ke gefen layin sautin na mayar da 48,000 zuwa 44,100, na fitar da shi, na kai wa Inna a waya. Tana tsintar shinkafa a faifai. Ba a yi minti ɗaya ba ta ajiye faifan ta ce, "Wagga ba muryar babanku ta ba. Mi kay yi mata?" Na ce, "Inna, shi ne, kaset ɗin ne ya tsufa." Ta girgiza kai ta ce shekara talatin da wani abu tana jin muryar nan, bai taɓa jan magana haka ba, kuma muryarsa ba ta kai wannan kauri ba.

Na koma ɗaki na duba tsawon fayil. Gefen kaset da na ɗauka minti 45 ya zama minti 49. Gaskiyarta. Abin da na yi, lakabin kawai na canza. Samfurorin suna nan yadda suke, an ɗebe su 48,000 a sakan, ni kuma na ce wa kwamfuta ta riƙa karanto 44,100 a sakan. Sai komai ya ragu da gudu da kusan kashi takwas cikin ɗari, muryar ta sauka ƙasa. Canjin gaskiya wani umarni ne daban a manhajar, wanda ke sake lissafa samfurorin gaba ɗaya, ya bar gudu da murya yadda suke. Na bi ta nan, fayil ya dawo minti 45. Na sake kai mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake sa mata wurin da yake gaida mahaifiyarta.

Abin da ya tayar mini da hankali, ni ban ji bambancin ba. Ina da shekara goma sha ɗaya ya rasu. Da na tura wa dangi haka, jikokinsa da wannan muryar za su san shi. Daga yau duk kaset ɗin da na gama sai Inna ta ji minti biyu daga cikinsa kafin in rubuta an gama. Kuma asalin fayil ɗin WAV ba na sake taɓa shi, kwafi nake yi wa aiki.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na 14, 15, 16. Na 15 waƙoƙin rediyo ne kawai aka ɗauka a kai, na ajiye shi gefe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba wanda zai sauke MB 518 a waya da tsadar data ta yanzu, don haka yau na shiga MP3. Na ɗauki minti goma na karatun zaure na yi gwaji, kuma na ga abin da ban zata ba. Na fitar da shi a kbps 64 da samfur 48,000, na sake fitarwa a kbps 64 da samfur 24,000. Na ɗauka na biyun zai zama rabin na farko. Dukansu MB 4.8 suka fito.

Ashe a MP3 igiyar da ta ɗaure lambobin biyu ta kwance. A WAV yawan samfur ne ke haifar da bitiret. A MP3 kai ne kake yanka bitiret tun farko, ka ce ga abin da zan kashe a kowane sakan, manhaja kuma ta san yadda za ta yi ta cusa sautin a ciki. Tana yin haka ne ta hanyar zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura da shi ba, kamar ƙaramin sautin da babba ya danne. Girman fayil bitiret sau tsawon lokaci ne, shi ke nan. Yawan samfur kuma yana nan da aikinsa na farko, shi ke faɗin inda rufin kaifi ya tsaya.

Amma ba a ce ba ruwansu da juna ba. Kuɗin cefane ɗaya ne, bakunan da za a ciyar ne suke ƙaruwa ko raguwa. Kbps 64 a kan samfur 48,000 na layi ɗaya, kowane samfur ya tashi da kusan bit ɗaya da sulusi, daga 16 da yake da su. MP3 ba samfur-samfur yake rabo ba, amma lissafin yana nuna yadda matsin yake. Da na sauka zuwa kbps 32 a 48,000, sai muryar ta fara wani ƙyal-ƙyal kamar ana magana a cikin tulu mai ruwa. Da na bar 32 ɗin na rage samfur zuwa 24,000, ƙyal-ƙyal ɗin ya ragu sosai, don yanzu kuɗin ba ya tafiya wajen saman da babu komai sai shuuu. Farashinsa shi ne rufi ya sauko zuwa Hz 12,000. Na buɗe hoton kaifin sauti a manhajar, na ga a kaset ɗin karatu kusan babu abin kirki da ya haura 10,000. Ƙaramin makirufon Baba bai kai can ba tun asali.

Layi ɗaya ma riba ce. Kbps 64 a layi ɗaya kusan daidai yake da 128 da aka raba wa layi biyu.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na tara Inna da matata da ƙanena a tsakar gida bayan la'asar, na sa musu gwaji huɗu ba tare da na faɗa musu wanne ne wanne ba. A kan magana, ba wanda ya raba 128 da 64. A 32 mai samfur 24,000 ƙanena ya ce ya ɗan ji sauyi, Inna ta ce muryar dai tasa ce.

Kaset ɗin Matan Fada daban ne. Akwai ganguna, akwai ihun jama'a, akwai ƙarar goruna da ruwa lokacin da masunta suka afka. A 64 ihun ya cakuɗe ya zama kamar ana yayyafa yashi a kan kwano. Sai a 128 ya warware. Magana tana da tazara da shiru da manhaja za ta yi tsimi a ciki, hayaniyar dubban mutane ba ta da shi.

Na yanke shawara: karatu da saƙonni kbps 64, kaset mai minti 90 ya zama MB 43. Na biki 128, MB 86. Masu ƙaramar waya da ƙarancin data zan yi musu na 32, MB 22.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na 19 zuwa 22. Batura ₦3,600 kuma.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ɗan Yaya ya kira daga Kaduna da murna, wai ya gyara muryar kakansa. Ya ɗauki na 32 da na tura, ya sa a wata manhajar waya ta mayar da shi 320. Fayil ɗin MB 22 ya zama 216. Ya ce, "Kawu, ai yanzu ya kai ingancin da ya fi kowanne." Na ce ya sa su ɗaya bayan ɗaya ya rufe ido ya saurara. Ya dawo ya ce iri ɗaya ne. Na ce masa shinkafar da aka riga aka casa, ko a buhun da ya fi girma aka juye ta, ba ta komawa yadda aka yanko ta daga fadama. Har ma kowace sabuwar matsa tana ƙara zubar da wani abu. Na yi masa alkawarin WAV ɗin a filash idan ya zo sallah, ya fitar da duk girman da yake so daga asali. Yaron yana da himma, kuma ina so a samu wani a dangi bayan ni da ya san inda fayilolin suke da yadda ake taɓa su.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Kaset ɗin Kaka na farko ya tsinke a minti na 31. Na ji rikoda ta yi wani ƙara, na danna tsayawa, amma ta riga ta tauna kusan taƙi guda. Hannuna na rawa na kwance ƙananan kusoshi biyar na jikin kaset, na shimfiɗa zaren a kan farar takarda, na miƙar da inda ya tattare da bayan cokali a hankali. Dattijon Birnin Kebbi ya hana ni salatif na kanti, ya ce danƙonsa yana tsattsafowa ya ɓata zagayen da ke kusa, ya ba ni ɗan guntun tef na haɗa kaset. Na yanke wurin da ya lalace, na haɗa ta baya, na naɗe da biro.

Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a sakan. Abin da na yanke bai wuce santimita 15 ba, sakan uku ke nan. A cikin sakan ukun nan Kaka take faɗin sunan garin da kakanta ya baro kafin ya zo Argungu. Na ji "daga", sai tsalle, sai "ya sauka wurin masunta". Na tambayi Inna, ta ce ba ta riƙe ba. Guntun zaren yana cikin ambulan, na rubuta lambar kaset da minti a bayansa, ko wata rana a samu mai iya karanta shi.

Kafin in sa na biyun, na juya shi da biro daga farko har ƙarshe da dawowa don ya saki jiki. Ya wuce lafiya, minti 58. Na kwafe shi wuri uku a daren.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na gwada FLAC, wanda ke matse fayil ba tare da zubar da komai ba. Na karanta cewa yakan rage kusan rabi, nawa bai kai haka ba, don shuuu ɗin kaset ba ya matsuwa da sauƙi. Duk da haka zan ajiye kwafi na biyu da shi. Filash na biyu ₦8,000, zai zauna gidan Baffa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An gama 29, saura 18. Azumi ya zo ban kai ba. Abin da na kashe zuwa yau ₦41,700, ban da data. A cikin azumi zan riƙa yin ɗaya bayan asuba, lokacin da gida yake shiru kuma kwamfuta ta kwana a caji. Uku daga cikin sauran suna da farin fumfuna a gefen zare, ba zan sa su a rikoda ba sai na kai wa dattijon ya gani.

Baffa ya aiko a ce mini in je da kaset ɗin Kaka ranar Lahadi in sa masa daga minti na 30. Ya ce idan ya ji abin da ta faɗa kafin wurin da bayansa, yana jin zai tuna sunan garin.